Ya gaskata da tashin Almasihu, amma ya ƙi 1 Sama'ila 15: a hana shi Jibin Ubangiji?

Malam Dauda:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Na kawo muku wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, kuma ina neman shawararku kafin dattawan ikkilisiyarmu su zauna ranar Asabar. Ni ne nake koyar da ajin matasa, muna bin littafin Sama'ila na fari sura bayan sura, har muka iso sura ta 15, inda annabi Sama'ila ya gaya wa sarki Saul cewa Ubangiji ya umarta a hallaka Amalekawa duka, maza da mata, yara da jarirai masu shan mama, har da shanu da tumaki da raƙuma da jakuna. Ɗan ƙanwata, wanda yake jami'a kuma ya dawo hutu, ya ɗaga hannu ya ce shi bai yarda Allah ya faɗi haka ba. Ya ce kashe jariri mugunta ne ko wane ne ya ba da umarni, don haka a ganinsa marubucin ne ya sa wannan magana a bakin Allah. Na tambaye shi ko ya bar bangaskiya ne, ya ce sam, ya gaskata Yesu ya mutu domin zunubansa, ya kuma tashi a rana ta uku, kuma yana faɗin Shaidar Bangaskiya da zuciya ɗaya. Maganar ta kai kunnen dattawa, wasu sun ce kada ya ƙara kusantar Jibin Ubangiji sai ya janye. Shin mai irin wannan ra'ayi har yanzu Kirista ne?

Dattijo Ayuba:
Malam Dauda, sannu da ɗawainiyar yaranmu. Ni dai amsata ba ta da tsawo. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti a wasiƙa ta biyu, 3:16, cewa kowane Nassi hurarre ne daga Allah, kuma bai ware surorin da ba su yi mana daɗi ba. Yaron nan ya ɗauki lamirinsa ya mai da shi alƙali a kan Mahaliccinsa, alhali Romawa 9:20 ta tambayi ɗan adam ko shi wane ne da zai yi gardama da Allah. Abin da Allah ya umarta shi ne daidai, abin da ya hana shi ne mugunta, ba mu da wani ma'auni bayan wannan. Idan lamiri ya isa, ku tuna cewa a Kalaba ana kashe tagwaye, mutanen gari kuwa suna ganin suna kawar da masifa ne, har masu bishara irin su Mary Slessor, wadda ta isa can a 1876, suka yi ta fama da al'adar. Su ma ai suna da lamiri.

Malama Rifkatu:
Baba Ayuba, ina gaishe ka da girmamawa, amma ka yi mini izini in tsaya a kan jimla ɗaya, wadda ka ce abin da Allah ya umarta shi ne daidai kuma babu wani ma'auni. Wannan tambaya ta girmi ikkilisiya. Aflatun, masanin Girka, ya rubuta ta kusan shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, inda malaminsa Sokratis yake tambaya ko alloli suna son abu domin yana da kyau ne, ko kuwa yana zama mai kyau domin sun so shi. Malaman Musulunci ma sun yi doguwar muhawara a kanta a Basra da Bagadaza, inda Mu'utazilawa suka ce hankali yana iya gane kyau da munin aiki, Ash'arawa kuma suka ce shari'a ce take tabbatar da su. Na kawo wannan ne don a ga cewa yaron bai ƙago wani sabon abu ba.

Damuwata ita ce, idan umarni kaɗai ne yake mai da abu daidai, to da Allah ya umarci ƙarya, da ƙarya ta zama nagarta, kuma idan muka rera cewa Ubangiji nagari ne, ba mu faɗi kome ba sai cewa yana yin abin da ya ga dama. Littafi Mai Tsarki kansa bai yi magana haka ba. A Farawa 18:25 Ibrahim ya tsaya a gaban Ubangiji saboda Saduma ya tambaya ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, kuma Ubangiji bai tsawata masa ba, ya yi ta sauraronsa daga mutum hamsin har zuwa goma. Annabi Amos, a sura ta 1 da farkon ta 2, ya yanke wa Dimashƙu da Gaza da Taya da Edom da Ammon da Mowab hukunci, ƙasashen da ba a ba su Attaura ba, kuma laifin Ammonawa shi ne sun tsaga cikin mata masu juna biyu a Gileyad domin su faɗaɗa ƙasarsu. Da wace doka aka kama su? Bulus ya amsa a Romawa 2:14-15, cewa al'ummai suna da aikin Shari'a a rubuce a zukatansu. Saboda haka abin da masu tauhidi da yawa suka tsaya a kai shi ne, nagarta tana da tushe a halin Allah kansa, wanda ba ya sakewa, umarninsa kuma daga halinsa yake fitowa. Shi ya sa Titus 1:2 da Ibraniyawa 6:18 suke cewa ba shi yiwuwa Allah ya yi ƙarya. Misalinka na Kalaba ma yana gefena, Baba, domin kai da ni mun yarda kisan tagwaye mugunta ne tun kafin jirgin masu bishara ya iso.

Dattijo Ayuba:
'Yata, na yarda mugunta ne tun kafin su zo. Abin da nake cewa shi ne, mutanen ba su gane ba sai da Magana ta zo. Zunubi ya ɓata lamiri, kamar ma'aunin da aka buga wa gindi a kasuwa. Yana auna wani abu, amma ba za ka rantse da shi ba.

Haruna:
Malama, ni tambayata ta ɗan kauce kaɗan. Idan har wanda bai taɓa jin Nassi ba yana iya sanin mugunta, ashe wanda bai yarda da Allah ba zai ce bai bukaci Allah don ya zama mutumin kirki ba. Ina da abokan aiki masu faɗin haka, kuma a gaskiya wasunsu sun fi mu riƙon amana.

Malama Rifkatu:
Haruna, sanin abu daban ne, inda abin ya samo tushe kuma daban ne. Mutum yana iya shan ruwan kogi shekara da shekaru bai san inda kogin ya ɓuɓɓugo ba. Abokinka yana iya riƙe amana fiye da ni, ban musa ba. Tambayar da nake yi masa ita ce, idan duk garinsu suka taru suka amince cin amana daidai ne, zai zama daidai? Idan ya ce a'a, to ya yarda akwai wata doka da ta fi ƙarfin ra'ayin gari, kuma sai ya gaya mana wa ya kafa ta. Wasu masana da ba su yarda da Allah ba suna cewa tana nan kawai kamar yadda biyu da biyu huɗu ne. Amsa ce da ya kamata a saurara, ko da yake ni ba ta gamsar da ni ba, domin lissafi ba ya sa mutum ya ji kunya in ya yi kuskure.

Katekis Yohanna:
Ina gaishe da iyayena. Ni ɗan Katolika ne, kuma na san ni baƙo ne a maganar horon ikkilisiyarku, amma Malam Dauda ya yi tambaya a kan wane ne Kirista, wannan kuwa ta shafe mu duka. Idan aka ce Kirista shi ne wanda ya karɓi kowane littafi na Littafi Mai Tsarki, sai in tambaya wanne jeri. Naku yana da littattafai 66, namu 73, na Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha ana ƙidaya shi 81. Jeri na farko da ya zo hannunmu mai ɗauke da littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su yau, yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta a shekara ta 367. Waɗanda aka fara kira Kirista a Antakiya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:26 ya faɗa, ba su da ko ɗaya daga cikin Linjila huɗu a rubuce. Da bishop-bishop suka taru a Nikiya a 325 saboda koyarwar Ariyus, wanda ya ce Ɗan Allah halitta ne, suka sake taruwa a Kustantiniya a 381, abin da suka sa a matsayin iyaka shi ne ko wane ne Yesu, da mutuwarsa da tashinsa, da Ruhu Mai Tsarki wanda ya yi magana ta bakin annabawa. Ba su rubuta wani sashe a kan yadda za a fassara yaƙe-yaƙen Isra'ila ba. Ɓarawon da yake kan gicciye kuma ba a yi masa jarrabawa a kan Amalekawa ba.

Fasto Iliya:
Salama. Na karanta duka, kuma ina so in ce wa Katekis gaskiyarsa rabi ce. Gaskiya ne Shaidar Nikiya ba ta da sashe a kan hurewar Nassi, amma ita ce ta ce ya tashi a rana ta uku bisa ga Littattafai, kalmomin da ta ɗauko daga 1 Korantiyawa 15:4. Kuma ikkilisiyar farko ta taɓa fuskantar mutumin da ya yi tunani irin na ɗanmu, ya kai shi ƙarshe. Sunansa Markiyon. Ya karanta yaƙe-yaƙen Tsohon Alkawari ya ce Allahn da ya yi waɗannan ba shi ne Uban Yesu ba, ya zubar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Linjilar Luka da ya rage mata wasu wurare da wasiƙun Bulus goma. Ikkilisiyar Roma ta raba gari da shi wajen shekara ta 144. Don haka tsoron Baba Ayuba yana da tarihi a bayansa. Almasihun da yaron ya gaskata, ta Nassi ya san shi, kuma shi Almasihun ya ce a Yahaya 10:35 Nassi ba ya tashi, ya ce a Matiyu 5:17 bai zo ya shafe Attaura da annabawa ba.

Sai dai ina ganin mu ma manya muna da namu gyaran a kan abin da muke nufi da hurarre. Yawancinmu mun ɗauka marubutan sun zauna ne ana yi musu shifta kalma bayan kalma, kuma ina tsammanin mun saba da wannan hoto ne saboda yadda maƙwabtanmu Musulmi suke bayyana saukar wahayi, wanda a wurinsu koyarwa ce tabbatacciya game da Alƙur'ani. Namu Littafin bai bayyana kansa haka ba. Luka ya buɗe Linjilarsa da cewa ya bi diddigin al'amura daga shaidun gani da ido kafin ya rubuta wa Tiyofilas. Bulus a 1 Korantiyawa 1:14-16 ya ce bai yi wa kowa baftisma ba sai Kirisbus da Gayus, sai ya tuna da iyalin Istifanas, sai ya ce bai sani ba ko akwai wani. A 7:12 ya ce shi ne yake magana, ba Ubangiji ba. Bitrus ya kwatanta abin a wasiƙarsa ta biyu, 1:21, da cewa mutane ne suka yi magana daga Allah, Ruhu Mai Tsarki yana iza su. Mutane ne, da harshensu da salon zamaninsu. Wannan ne ma ya sa muke kiran fassara Maganar Allah ba tare da shakka ba, tun daga Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Walter Miller na Zariya yake cikin waɗanda suka yi aikinsa.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga sura ta 15. Aya ta 8 ta ce Saul ya hallaka dukan jama'ar, ya bar sarki Agag kaɗai. Amma a cikin littafi ɗaya, a 27:8 Dawuda yana kai wa Amalekawa hari, a sura ta 30 kuma Amalekawa suna da ƙarfin da za su ƙone Ziklag su kwashe mata da yara. Marubucin bai manta abin da ya rubuta ba. Sarakunan wancan zamani haka suke ba da labarin nasara. Akwai dutsen Fir'auna Marnefta na Masar, na wajen shekara ta 1208 kafin Almasihu, wanda yake taƙama cewa an hallaka Isra'ila, zuriyarta ta ƙare, ga shi kuwa ba ta ƙare ba. Wasu masana suna karanta surar da wannan haske. Wasu suna cewa hukunci ne na musamman sau ɗaya, suna nuni ga Maimaitawar Shari'a 25:17-19, inda Amalek ya faɗa wa gajiyayyun da suke baya a hanyar fita daga Masar. Orijin na Iskandariya, wani malamin ikkilisiya a ƙarni na uku, ya karanta yaƙe-yaƙen Joshuwa a matsayin yaƙi da zunubi a zuciya. Ba zan ɓoye muku ba, babu ɗaya daga cikin ukun da ta share mini aya ta 3 gaba ɗaya, domin ko an ce salon magana ne, kalmar jarirai tana nan a cikin umarnin.

Mama Saratu:
Baba Fasto, na gode da ka faɗi wannan ta ƙarshe. Ni ban yi makarantar tauhidi ba, zumuntar mata ce makarantata, amma ina da abin da na ji da kunnena. Bayan harin da aka kai ƙauyenmu, muka binne mutanenmu, na ji wani saurayi a bakin majami'a yana kiran waɗancan mutane Amalekawa, yana cewa Allah ya riga ya faɗi abin da za a yi da su har da 'ya'yansu. Ba wanda ya kai shi gaban dattawa. Shi ya karɓi surar da hannu biyu, kuma ya ci Jibin Ubangiji a wannan watan. Yanzu ga yaron da ya ce ba zai iya haɗa kisan jariri da sunan Allah ba, shi ne za a hana. Ina roƙon iyayenmu dattawa su duba wannan da kyau. Da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta daga sama a kan ƙauyen Samariyawa, a Luka 9:54-55, suna da misalin annabi Iliya a gabansu, amma Yesu ya juya ya tsawata musu.

Dattijo Ayuba:
Saratu, Allah ya ƙara muku haƙuri. Wancan saurayi ya yi kuskure babba, kuma da a ikkilisiyata ne da na kira shi, domin ba wanda Allah ya aiko wa Sama'ila yau. Amma kuskurensa bai wanke na wannan ba. Na ga abin da ya faru da ikkilisiyoyi a Turai, an fara da aya ɗaya mai wuya, aka koma mu'ujizai, aka ƙare da tashin matattu kansa. Marigayi Dokta Byang Kato, masanin tauhidi ɗan Kwoi, ya yi mana kashedi a kan wannan hanya kafin rasuwarsa a 1975. Yau yaron ya cire Sama'ila saboda lamirinsa, gobe wani zai cire abin da Bulus ya ce a kan fasikanci saboda nasa lamirin. A ina za a tsaya?

Malama Rifkatu:
Baba, tambayarka mai nauyi ce, kuma ba ni da layi madaidaici da zan ja maka. Sai dai hatsarin yana ɓangare biyu. A Amurka, masu wa'azin da suka kare bautar da bayi sun riƙe Littafin Firistoci 25:44-46 da Afisawa 6:5 harafi da harafi, kuma babbar ƙungiyar Baptis ta Kudu ta kafu a 1845 a kan rigimar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, sai a 1995 ta fito ta nemi gafara. Ba rashin girmama Nassi ne ya ɓatar da su ba.

Dattijo Ayuba:
Waɗanda suka yaƙi cinikin bayi ma da Nassi suka yaƙe shi. Wilberforce, ɗan majalisar da ya jagoranci yaƙin, mai bi ne, majalisar Ingila ta hana cinikin a 1807, kuma Fitowa 21:16 ta riga ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum ya sayar. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi ya zama bishop a 1864, bai yage shafi ko ɗaya ba, fassara Littafin ya yi zuwa Yarabanci.

Fasto Iliya:
A nan ku biyun kun haɗu ba ku lura ba. Masu yaƙi da bauta ba su jefar da ayoyin ba, kuma ba su toshe lamirinsu ba. Lamirin ya tilasta musu su koma su sake karantawa, har suka ga inda Littafin gaba ɗaya ya dosa. Ubangiji da kansa ya yi haka a Matiyu 19:8, da ya ce Musa ya yarda da saki saboda taurin zuciyarsu, amma tun farko ba haka yake ba. Bai ce Musa ya ƙaga ba, bai kuma ce dokar ita ce cikakken nufin Allah ba. Game da tambayar Malam Dauda, ni a wurina Romawa 10:9 ce ƙofa, wato shaida da baki cewa Yesu Ubangiji ne da gaskatawa a zuciya cewa Allah ya tashe shi daga matattu, kuma Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 15:14 idan Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, bai faɗi haka a kan wata koyarwa dabam ba. Yaron yana cikin gida. Amma ikkilisiyarmu tana da sharuɗɗan bangaskiya da suka ce dukan littattafai 66 hurarru ne, kuma wanda zai koyar a cikinta dole ya tsaya a kansu. Teburin Ubangiji da allon koyarwa ba ma'auni ɗaya ake yi musu ba.

Dattijo Ayuba:
To, Malam Dauda, ka yi mini abu ɗaya kafin Asabar. Ka tambaye shi a keɓe, ba a gaban abokansa ba, ko yana cewa bai gane surar ba ne, ko kuwa yana cewa ƙarya ce. Mai cewa ban gane ba ɗan'uwan Ayuba da Habakuk na Littafi Mai Tsarki ne, su ma sun yi wa Allah tambayoyi masu zafi.

Malam Dauda:
Baba, na kira shi da yamman nan muka zauna, na karanta masa abin da Baba Fasto ya rubuta, muka buɗe sura ta 27 da ta 30 tare. Ya yi shiru na ɗan lokaci, domin bai taɓa lura Amalekawa sun sake bayyana ba. Ya ce ba zai ƙara cewa marubucin ya ƙaga ba, tunda ya ga akwai abin da bai sani ba game da yadda ake rubutu a wancan zamani. Amma ya ce ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya ce kashe jariran daidai ne ba, kuma idan wannan ake so ya faɗa kafin ya ci Jibi, gara ya zauna a benci na baya. Mahaifiyarsa tana ta kuka tun jiya, ita tsoronta kada a kira sunansa a sanarwa.

Dattijo Ayuba:
Ka gaya wa ƙanwarka ta share hawaye. Da ni ne a zaman nan, ba zan ɗaga hannu a sa shi ƙarƙashin horo ba, kuma ba zan nemi ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Zan dai roƙi dattawa kada a ba shi ajin yara a hutun nan, ya riƙa zuwa wurin faston ku sau ɗaya a mako su karanta Sama'ila daga farko har ƙarshe. Ni kuma har yanzu ina kan cewa Ubangiji ya faɗi aya ta 3, kuma Rifkatu ba ta amsa mini inda za a tsaya ba.